Ladabin Taken Ƙasa da Amanar Miƙa Mulki

(Kiɗan buɗe shiri)



Mas'alar da za mu tattauna yau ta haɗa al'amura biyu, waɗanda mai duban garaje zai ce babu abin da ya gama su. Na farko ɗan ƙaramin ladabi ne da bai wuce minti ɗaya ko biyu ba, watau tsayuwar da ake yi idan aka buga taken ƙasa. Na biyu kuwa shi ne mafi nauyin abin da ke aukuwa a rayuwar kowace daula, watau ranar da mai mulki zai sauka daga karaga, ya miƙa ragama ga wani, ya koma gidansa da ƙafafunsa, alhali ba a zubar da jinin kowa ba. Abin da nake fatan tabbatar muku kafin lokacinmu ya cika shi ne, waɗannan al'amura biyu rassa ne na tarbiyya guda, domin wanda ya koyi tsayawa saboda girman ƙasarsa yana yaro, shi ne ake sa ran zai iya sauka saboda maslahar ƙasarsa idan ya girma.

Bari mu fara da asalin taken kansa. A daren da aka wayi gari 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Ikko, wanda a yau ake kira Dandalin Tafawa Balewa, aka sauke tutar Ingila, aka ɗaga tutarmu mai kore da fari da kore, wadda wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana tun yana karatu a Landan. A bikin nan ne kuma, wanda Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniyar Ingila a cikinsa, Nijeriya ta shiga sahun ƙasashe masu 'yanci da takenta na farko, wanda wata Baturiya mazauniyar ƙasar nan, Lillian Jean Williams, ta tsara baitocinsa, Frances Berda kuma ta sa masa kiɗa. Shekara 18 ana rera shi, har zuwa 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta musanya shi da wani, wanda aka harhaɗa daga rubutun 'yan ƙasa biyar da suka yi fice a gasar da aka shirya, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda kuma ya yi masa kiɗa. Da wannan take na biyu aka yi renon mafi yawan waɗanda ke saurarona yanzu, da shi suka tsaya a layin makaranta shekara da shekaru, har ranar 29 ga Mayu, 2024, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken farko.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wannan canji na ƙarshe bai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Wasu sun ce an yi gaggawar zartar da dokar ba tare da an ji ra'ayin jama'a yadda ya kamata ba. Wasu sun ce a lokacin da talaka ke fama da tsadar hatsi da ta mai, canjin take ba shi ne abin da ya fi cancantar hankalin majalisa ba. Wannan magana ce mai hujja, kuma haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ya faɗe ta a fili, ya rubuta ta a jarida, ya tunkari wakilinsa da ita. Amma akwai bambanci tsakanin sukar hukuncin masu mulki da wulaƙanta alamar ƙasa, kuma mai hankali ba ya cakuɗa su, domin baitoci suna iya canzawa, kiɗa yana iya canzawa, gwamnatin da ta canza su ma wata rana za ta wuce, alhali abin da taken yake nuni gare shi, watau alkawarin zama tare da ke tsakanin Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare da sauran ɗaruruwan ƙabilu, yana nan daram.

To, yaya ladabin yake? Da zarar an ji an fara, sai a miƙe tsaye cak, a saki hannuwa a gefe, a fuskanci tuta idan akwai ta a wurin. Mai tafiya ya dakata, mai magana ya kama bakinsa, mai cin goro ya bar tauna, mai waya ya mayar da ita aljihu, kada ya ɗaga ta yana ɗaukar hoton jama'a ko yana amsa kira. Soja da ɗan sanda da sauran masu ɗamara da ke cikin kayan sarki, su ne ke sarawa bisa ƙa'idar aikinsu. Farar hula kuwa tsayuwa da natsuwa sun wadatar masa. A Amurka al'adarsu ita ce namiji ya cire malafa ya ɗora hannun dama a ƙirji, amma mu a nan hula da rawani da kallabi suna cikin cikar kamala, da su shugabanninmu suke tsayawa, babu mai cewa a tuɓe su. Wanda ya san baitocin ya rera da murya madaidaiciya, ba da ihu ba, ba kuma da sigar wasa ba. Wanda bai sani ba ya yi shiru har a gama, sa'an nan ya nemi sani. Baiti uku ne, na farko shi aka fi rerawa a taruka, na uku kuwa addu'a ce ta roƙon Allah. Marar lafiya da gurgu da tsohon da tsayuwa ke yi wa wuya ba su da laifi idan sun zauna, muddin sun natsu, gama ba a kallafa wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma wanda ya makara zuwa taro, ya iso ƙofa ana cikin take, komai girman muƙaminsa, sai ya tsaya a inda yake, kada fadawa su buɗa masa hanya yana ratsa sahu yana gaisawa da mutane.

Wannan kuwa ba ƙa'idar malamin makaranta kaɗai ba ce. Sashe na 24 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa wajiban da ke kan kowane ɗan ƙasa, kuma a cikin na farkonsu ya ambaci girmama tuta da take da alkawarin mubaya'a ga ƙasa da halattattun hukumomi. Haka nan ladabin ya shafi taken wasu ƙasashe: idan 'yan wasanmu suka karɓi baƙi a filin ƙwallo, aka buga taken baƙin, to, yi musu ihu ko fito abin kunya ne gare mu, domin Bahaushe bai san wulaƙanta baƙo a cikin gidansa ba.

Akwai wata shubuha da ya wajaba mu warware, tun da takan hana wasu bayin Allah tsayawa, ba don raini ba, sai don tsoron kada su faɗa cikin abin da addini ya hana. Suna cewa tsayuwa cikin ƙanƙan da kai ta Allah ce shi kaɗai. Lalle tsayuwar ibada ta Allah ce, babu tantama. Amma malaman fiƙihu tun da daɗewa sun rarrabe tsakanin babin ibada, wanda ba a shiga cikinsa sai da nassi, da babin al'ada da mu'amala, wanda asalinsa halal ne sai abin da nassi ya haramta. Wanda ya tsaya wa taken ƙasa bai ƙudurta cewa ƙyalle yana amfanarwa ko yana cutarwa ba, bai yi ruku'u ba, bai yi sujada ba, bai roƙi kowa ba face Allah. Abin da yake bayyanawa kawai shi ne yana cikin alkawarin da ya haɗa shi da maƙwabtansa, cika alkawari kuwa umarni ne na addini. A Madina ma, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya rubuta sahifa tsakanin Muhajirai da Ansaru da Yahudawan garin a kan zaman tare da kare gari, wanda ya nuna cewa alkawarin zama ƙasa guda tsakanin mabambantan mutane yana da asali a wurinmu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, kada ya ɗauki fatawa daga bakin matasan da suka taɓa kafirta al'umma saboda tuta da take da boko, gama mun ga irin bala'in da wannan fahimta ta jawo wa Borno da Yobe da Adamawa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, yanzu kuma za mu juya ga rabi na biyu na mas'alarmu.

Wa ake tsaya wa idan aka buga take? Mutane da yawa, saboda sun saba jin sa a lokacin da shugaban ƙasa ko gwamna ya iso taro, sun zaci nasa ne, har wanda ba ya ƙaunar gwamnan yakan ga kamar zamansa wata hanya ce ta huce haushi. Ku dubi tambarin fada: ana buga shi ga sarki, amma ba na sarkin ba ne, na sarauta ne, ranar da sarki ya ƙaura, ba a binne shi da tambari, yana nan a fada za a buga wa wanda ya gaje shi. Haka taken ƙasa yake, kuma babu ranar da wannan ma'ana take fitowa fili kamar ranar rantsar da sabon shugaba, lokacin da mutum biyu za su tsaya a dandamali guda, ɗaya ya shigo filin yana shugaba zai fita yana ɗan ƙasa kamar kowa, ɗaya ya shigo yana ɗan ƙasa zai fita da amanar miliyoyin mutane a wuyansa, su duka biyun kuma, da alƙalin alƙalai da hafsoshin soja da mai sayar da ruwa a bakin fili, suna tsaye cak ga abu guda wanda ya fi kowannensu.

Matasanmu na yau, waɗanda aka haifa bayan 1999, ba lalle su san tsadar wannan rana ba, amma dattawa sun sani, kuma ta wannan akwatin rediyo da kuke saurarona suka san ta. A wancan zamani, idan mutum ya murɗa rediyo da asuba ya ji badujalar soja maimakon shirin da ya saba ji, sai gabansa ya faɗi, domin ya san dare ya haifi wani abu. Ranar 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da manyan hafsoshi da dama. Bayan wata shida aka yi juyin mulki na ramuwa. Daga nan ƙasa ta gangara cikin yaƙin basasa na wata 30, daga 1967 zuwa 1970, wanda ya ci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. A 1975 aka hamɓarar da Janar Yakubu Gowon yana taro a Kamfala. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka harbe Janar Murtala Muhammed a kan titin Ikko yana hanyar ofis. A ƙarshen Disamba, 1983, aka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. A 1985 soja suka kifar da soja. A 1993 aka soke zaɓen 12 ga Yuni. Cikin shekara 33 da ke tsakanin 1966 da 1999, in ban da shekara huɗu da 'yan watanni na Shagari da 'yan watannin riƙon ƙwarya na Ernest Shonekan, bakin bindiga ne yake naɗawa yake saukewa.

Saboda haka ne ranakun da aka miƙa mulki cikin lumana suka cancanci a koya wa yara su kamar yadda ake koya musu ranar samun 'yanci. Ranar 1 ga Oktoba, 1979, Obasanjo ya miƙa wa Shagari; ranar 29 ga Mayu, 1999, Janar Abdulsalami Abubakar, wanda bai cika shekara guda a kan mulki ba, ya cika alkawarinsa ya miƙa wa zaɓaɓɓiyar gwamnati; a 2007 kuma, karo na farko a tarihinmu, farar hula ya miƙa wa farar hula, da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya karɓi ragama, shi kuwa da bakinsa ya yarda cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais.

Amma jarrabawa mafi tsanani ita ce ta 2015. Jama'a ba su manta da tarzomar da ta biyo bayan zaɓen 2011 ba, wadda ta hallaka ɗaruruwan mutane a Arewa, don haka da zaɓe ya ƙarato, iyalai da yawa suka kwashe kayansu, 'yan Kudu suka nufi Kudu, 'yan Arewa suka nufo Arewa, kowa yana jiran abin da zai faru. Dattawan ƙasa suka tashi tsaye: a watan Janairu aka sa 'yan takara suka rattaba hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, aka kuma kafa kwamitin sulhu ƙarƙashin Janar Abdulsalami, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Bishop Matthew Kukah suke ciki. Aka jefa ƙuri'a ranar 28 ga Maris. Ranar 31 ga wata, tun shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, bai gama bayyana sakamako ba, Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗaga waya ya kira Janar Muhammadu Buhari ya taya shi murna. Buhari ya sami ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8, kuma wannan ne karo na farko da shugaba mai ci ya sha kaye a akwatin zaɓe a ƙasar nan, ya kuma amince. Jonathan, mutumin da ya sha faɗin cewa burinsa bai kai darajar jinin ɗan Nijeriya ko ɗaya ba, ya gaskata maganarsa a lokacin da gaskata ta yake da ɗaci. Buhari kuma, mutumin da ya taɓa karɓar mulki da ƙarfin soja, sa'an nan ya faɗi zaɓe sau uku a 2003 da 2007 da 2011, ya samu a karo na huɗu ta hanyar ƙuri'a. Ranar 29 ga Mayu suka tsaya tare a Dandalin Eagle da ke Abuja, aka buga take, ɗaya ya tafi gidansa a Otuoke, ɗaya ya shiga fadar gwamnati. Ko kana ƙaunar wannan ko kana ƙaunar wancan, ko kana ganin dukansu sun gaza a wasu fannoni, wannan rana abin alfaharinka ce, gama ba su biyu kaɗai suka yi ta ba: har da matar da ta yi layi cikin rana, da ɗan bautar ƙasa da ya ƙirga ƙuri'a, da saurayin da aka ba shi fetur da ashana ya ƙi karɓa.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'a baƙuwa ce da Turawa suka kawo mana. A shekara ta 41 bayan Hijira, Sayyidina Hasan ɗan Ali, Allah ya ƙara musu yarda, yana da runduna a bayansa, yana da nasaba da daraja da babu mai musunsu, ya sauka ya bar wa Mu'awiya halifanci don kare jinin Musulmi, har aka sa wa shekarar suna Shekarar Jama'a. A nan gida kuma, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817 aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya girme shi, wanda kuma babu mai shakkar iliminsa da jihadinsa, bai ja runduna zuwa Sakkwato ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan 'yan shekaru, da suka haɗu a Kalambaina, baffa ya gaishe da ɗan wansa da gaisuwar Sarkin Musulmi, daula ta tsira daga rabuwa. Waɗannan magabata sun fahimci cewa mulki amana ce da za a tambayi mutum a kanta gobe kiyama, wanda kuwa ya san haka, ba zai sayi ƙarin kwana a kan karaga da ran talaka ba.

Maƙwabtanmu ma sun ba mu darasi ta fuska biyu. A Senegal, Abdou Diouf ya amince da kayen da ya sha a hannun Abdoulaye Wade a 2000. A Gana, mulki ya koma hannun 'yan hamayya a 2001 da 2009 da 2017 da 2025, har a zaɓen 2008 tazarar da ke tsakani ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma aka karɓa. A ɗaya ɓangaren kuwa, gardamar zaɓen Kenya ta 2007 ta ci rayuka fiye da 1,000, ta Kodebuwa a 2010 da 2011 ta ci kimanin 3,000. A Nijar, 'yan'uwanmu na jini, sai a 2021 aka fara ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba, da Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum, a watan Yuli na 2023 kuma soja suka karɓe. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ni'imar nan ba ta tabbata da kanta, kowane zamani sai mutanensa sun tsare ta.

To, mene ne namu a ciki? Malamin makaranta, kada ka wadatu da haddar da yara baitoci da Turancin da ba su fahimta ba. Fassara musu ma'anarsu da harshensu, ka ba su labarin 1966 da na 2015, su san abin da suke tsaya wa. Uba da uwa, ɗanku yana kallon abin da kuke yi idan aka buga take a taro, yana kuma jin abin da kuke faɗa a kan maƙwabcin da ya zaɓi wata jam'iyya. Ɗan siyasa, idan ka faɗi kuma kana da hujjar an zalunce ka, ƙofar kotu a buɗe take, kada ka tura 'ya'yan talakawa titi alhali naka suna makaranta. Idan ka ci, ka tuna wanda bai zaɓe ka ba shi ma yana cikin amanarka. Jami'in zaɓe da alƙali, ku ji tsoron Allah, domin mutane ba sa haƙura da kaye sai idan sun yarda da ma'aunin, kuma duk wanda ya taɓa ma'auni yana da kamasho a cikin fitinar da za ta biyo baya. Masu mulki kuma su sani, girmama take ba ya ƙarewa da tsayuwa a dandamali. Wanda ya tsaya cak da safe, ya wawure dukiyar asibiti da rana, shi ne ya fi kowa wulaƙanta tuta, kuma adalcinsu shi ne zai sa talaka ya tsaya da zuciyarsa, ba da ƙafafunsa kaɗai ba. Magabata sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ƙasar da aka saba miƙa mulki cikinta ba tare da jini ba kuwa, ita ce manomi zai shuka yana da tabbacin girbi, ɗan kasuwa ya buɗe rumfa washegarin zaɓe, ɗalibi ya gama karatunsa a lokacinsa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana da ikon sauke ta idan wa'adi ya cika, ya ba mu haƙurin karɓar abin da ƙuri'a ta hukunta da ƙarfin halin neman gyara ta halattacciyar hanya, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a fitinun baya, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)